Labarin Kakanni a Makaranta: A Faɗa Duka, Ko a Rage?

Shekara goma da 'yan kai yaran Nijeriya suka yi suna zuwa makaranta suna komowa, ba wanda ya koya musu tarihi da sunansa. A shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka fid da shi daga firamare da ƙaramar sakandare, ɗan abin da ya ragu aka cusa shi cikin darasin zaman jama'a. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin komo da shi, ta ce za a horar da malamai 3,700. A 2025 kuma aka sake yin shela cewa tilas ne a koyar da shi tun daga aji ɗaya. Dalilin da manya suka bayar mai kyau ne, watau yaro ya san ƙasarsa, ya kuma ga girman wanda ba harshensu ɗaya ba. Mun yi murna da wannan, gama waiwaye adon tafiya ne. Amma akwai tambaya wadda shelar ba ta amsa ba, ita ce kuwa mu ke so mu duba tare da ku, ya 'yan'uwa masu karatu. In malami yana so ya koya wa yara zaman lafiya da labarin kakanninsu, zai faɗa musu labarin duka ne, ko kuwa zai tsince mai daɗi ya bar mai ɗaci?

Mu a nan Illela ba mu da damar kauce wa wannan tambaya. Garinmu yana bakin iyaka, wajen mil 50 arewa da Sakkwato, Birnin Ƙwanni na ƙasar Nijar kuwa ga shi nan kusa, mil kaɗan. Ran Lahadi, ranar kasuwa, mutum zai ji Hausar Gobir da ta Adar, ya ji Fillanci da Buzanci da Zabarmanci, ya ga ana ƙirga naira da sefa a kan tabarma ɗaya. To, abin da ke cikin kasuwa shi ne ke cikin aji. Ɗan Bagobiri yana zaune kusa da ɗan Bafillace, a bayansu ga ɗan Buzu, ga 'yar Bayarabe mai shago, ga ɗan Ibo mai sayar da kayan mota, ga ɗan ma'aikacin kwastan wanda aka kawo ubansa daga wata jiha mai nisa. 'Ya'yanmu na ikilisiya suna cikinsu. Kowane ɗayansu ya fito daga gida da nasa labarin, labaran nan kuwa ba dukansu su ke jituwa ba.

Hanya mai sauƙi ita ce wadda a kan bi a makarantu da yawa. A sa rana ɗaya a ce ranar al'adu, kowane yaro ya sa tufafin kakanninsa, a kawo fura da tuwo da sakwara, a yi rawa, a tafa, a watse. Ba mu rena wannan ba. Yaron da ya ci abincin gidan abokinsa ya rage ƙyamarsa. Amma rawa ba ta gaya wa yaro dalilin da ya sa kakarsa ta kan tsuke baki in an ambaci waɗansu mutane. Ranar al'adu tana nuna masa cewa mutane iri iri ne, abin da ya riga ya gani da idonsa a kasuwa. Abin da bai sani ba shi ne yadda aka yi suka taru a nan, da abin da ya shiga tsakaninsu kafin a haife shi.

Akwai sashen labarinmu wanda ba ya ba malami wuya, shi ne labarin iyakar nan kanta. A 1898 Turawan Ingila da na Faransa suka zauna a Faris suna rabon ƙasa. Suka ɗora tsinke a kan Sakkwato cikin taswira, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin, suka ce abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Bisa ga wannan zane Ƙwanni da inda Illela ta ke duk gefe ɗaya su ke. Daga baya Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da ba rijiyoyi, sai suka nemi gyara. A 1904 aka daidaita. Faransa ta saki wani hakkin kamun kifi da ta daɗe da shi a gaɓar Niyufanlan, wani tsibiri can gefen Kanada, Ingila kuwa ta ba ta waɗansu abubuwa, cikinsu har da matso da iyakar nan kudu. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kakkafa alamu. Ashe kifin da kakanninmu ba su taɓa gani ba yana cikin abin da ya sa yau ɗan wa ya ke karatu da Faransanci a Ƙwanni, ɗan ƙane kuwa da Ingilishi a Illela. Yaro in ya ji wannan zai yi dariya, sa'an nan ya yi tunani. Da wuya ya ƙara kiran mutumin Ƙwanni baƙo da irin muryar da ya saba.

Amma wannan labari yana da sauƙi ne domin mai laifin ba ya cikin ajin. Bature ya yi, Bature ya tafi. Wuyar tana zuwa sa'ad da malami ya koma baya da shekara ɗari, ya shiga labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da sarakunan Gobir, gama a ƙasarmu ce aka yi shi, jikokin ɓangarorin biyu kuwa suna gabansa a kan benci.

Bari mu bi labarin a hankali, domin da yawa cikinmu mun yi shekaru a ƙasar nan ba mu san shi ba. Kakannin Shehu baƙi ne. Toronkawa ne, sun taso daga Futa Toro can wajen Senegal, a ƙarƙashin wani da a ke kira Musa Jakollo, suka sauka a ƙasar Ƙwanni ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, wadda yau ta ke cikin Nijar wajen Galmi, ya girma a Degel wadda ta ke a gefen Nijeriya. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yi zama a Agadas. Shehu ya yi wa'azi da Fillanci da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tun a nan yaro zai ga cewa mutumin da a ke girmamawa fiye da kowa a ƙasar Sakkwato jikan baƙi ne, kuma iyakar da mu ke tsaro yau ta ratsa tsakanin mahaifarsa da garin da ya tashi.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi dukiyar, ya roƙi waɗansu abubuwa maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a rage wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Bayan 'yan shekaru wani sarki, Nafata, ya juya maganar. Ya yi doka cewa kada ɗa ya bar addinin ubansa, wanda ya bari ya koma, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Ya 'yan'uwa, ku dubi wannan da kyau. Akwai lokacin da jama'ar Shehu su ne 'yan kaɗan a ƙasar nan, su ne a ke hana wa bin abin da zuciyarsu ta gaskata, abin da suka roƙa kuwa shi ne abin da kowane ɗan kaɗan ya ke roƙo ko'ina cikin duniya. Malamin da ke so ya koya wa yaran Sakkwato cewa bangaskiya ba abin tilas ba ce, ba sai ya aro misali daga Turai ba. Misalin yana Magami.

A ƙarshen 1803 mayaƙan Gobir suka fāɗa wa Gimbana, garin wani almajirin Shehu mai suna Abdussalami, suka kama mutane. Da aka bi da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto aka kori Sarki Yunfa, a 1808 kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta fāɗi, Yunfa ya mutu a cikinta. Gobirawan da ba su yarda ba suka ci gaba da yaƙi, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, kamar yadda Katsinawan da aka kora suka zauna a Maraɗin kanta.

To, a nan ne malami ya kan tsaya yana kallon allo. Yawancin abin da aka rubuta game da yaƙin nan masu nasara ne suka rubuta shi. In ya karanta shi yadda ya ke, ɗan Bagobirin nan zai ji cewa kakanninsa azzalumai ne kawai waɗanda aka kawar. Yaron kuwa a gida ya ji kirarin Bawa, ya ji labarin birnin da aka rushe da mutanen da aka kwashe bayi. Ba zai yi gardama da malami ba, yaro ne mai ladabi. Zai dai koyi abu ɗaya, cewa makaranta ba ta faɗin gaskiya a kan mutanensa. In kuwa malami ya juya ya mai da jihadin kwaɗayin mulki ne kurum na Fulani, ya yi ƙarya ta wancan gefe, gama zaluncin da Shehu ya yi wa'azi a kansa ba ƙage ba ne, talakawan Hausa da yawa sun bi shi da son ransu.

Abin da ke ceton malami shi ne gaskiyar ta fi labarin kowane gefe faɗi. A Tafkin Kwatto ba a jera Fulani a nan Hausawa a can ba. Cikin rundunar Shehu akwai Hausawa, cikin ta Gobir akwai Buzaye da waɗansu Fulani. Abdussalami kansa, wanda saboda mutanensa wutar ta tashi, Bahaushe ne Ba'are. Shi ne kuma, bayan rasuwar Shehu a 1817, ya ga ba a yi masa adalci cikin rabon ƙasa ba, ya yi wa Muhammadu Bello tawaye daga Kware. Aka ci garin a farkon 1818, ya fita da rauni ya mutu. Kware ɗin nan ita ce mu ke ratsawa duk ran da za mu Sakkwato. Mota ta kan tsaya a sayi abin taɓawa, ba wanda ya tuna cewa a nan ne tsofaffin abokai suka zare wa juna takobi. Yaron da ya san Abdussalami ba zai iya raba mutanen dā gida biyu, nagari da miyagu, bisa ga kabila ba, domin ga mutum ɗaya ya tsaya a gefen nan, ya kuma tsaya a wancan.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce, maganarsu kuwa tana da nauyi. Za su ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Me ya sa za a tone kabari a gaban yara? Ga 'yan bindiga sun addabi gabashin jihar, ga zukata a cike, sai kuma a ƙara musu da tsohuwar gaba? Ba mu kaɗai muka taɓa jin wannan tsoro ba. Bayan kisan kiyashi na 1994, ƙasar Ruwanda ta dakatar da koyar da tarihinta a makarantu fiye da shekara goma, domin a dā an yi amfani da darasin tarihi an cusa wa yara ƙiyayya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun yarda da dattawan nan a kan abu ɗaya: tarihi a hannun malami mai mugun nufi ya fi rashinsa muni.

Amma shirun makaranta ba ya sa yaro ya zauna da kunne a rufe. Abin da malami ya ƙi faɗi, kaka za ta faɗa da dare, mai shayi zai faɗa a bakin tasha, wayar hannu kuma za ta faɗa da hotuna. Dukan waɗannan gefe ɗaya su ke ba shi, ba kuwa a gaban ɗan wancan gefen ba. Aji shi kaɗai ne wurin da jikan wanda ya ci da jikan wanda aka ci za su ji labarin a sa'a ɗaya, daga baki ɗaya, sa'an nan a buga ƙararrawa su fita su buga ƙwallo tare. In muka rufe wannan ƙofa, labarin yana nan, sai dai mun kore shi daga wuri ɗaya tak inda a ke iya faɗinsa da adalci. Faransa da Jamus sun yi manyan yaƙe-yaƙe uku tsakanin 1870 da 1945, amma a 2006 suka fito da littafin tarihi guda wanda malaman ƙasashen biyu suka rubuta tare, ana karanta shi a can da nan. Ba su share yaƙin daga cikinsa ba.

Wani zai ce, ai ba malamin da ya isa ya faɗi kome da kome, tilas ya zaɓa. Gaskiya ne. Ba a ba jariri nama. Ɗan aji uku ba ya bukatar jin yadda aka yi da gawawwaki. Ragewa saboda ƙanƙantar yaro hikima ce. Ragewar da mu ke ƙi ita ce wadda kullum ta ke barin mutane ɗaya da farar riga, sauran kuwa da dauɗa. Ga ma'aunin da mu ke ba malamai 'yan'uwanmu: sa'ad da ka ke ba da labarin Alƙalawa, ka ɗauka kakan yaron nan da kakan wancan suna zaune a ƙofar aji suna ji. In akwai maganar da za ka ji kunyar faɗi a gaban ɗayansu domin ka san ka karkata, gyara ta. In kuwa gaskiya ce, sai dai tana da ɗaci, faɗe ta da tattausar murya, kada ka haɗiye ta.

Ko labarin Turawa ma, wanda muka ce yana da sauƙi, in an faɗe shi duka ya kan daina zama mai sauƙi. A 1899 wata rundunar Faransa a ƙarƙashin hafsoshi biyu, Vule da Shanwan, ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙwanni suka hallaka mutane masu yawan gaske, maza da mata da yara. Yaran Illela ya kamata su san wannan, gama a ƙofar gidansu aka yi. Amma su kuma san cewa Turawan rundunar 'yan kaɗan ne, yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne irinmu waɗanda aka ɗebo daga yamma. Su san cewa wani Bafaranse, Kanar Kulob, ya biyo sawunsu domin ya tsai da ɓarnar, Vule ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli. Bayan kwana biyu uku, sojojin nan baƙaƙe suka juya suka kashe hafsoshin biyu. Cikin labari ɗaya ga Bature mai kisa, ga Bature da ya mutu yana hanawa, ga baƙi masu harbi bisa umarni, ga su kuma sun ce ya isa. Wace fata ce za a ce ita ce ta mugunta?

Akwai wani miki wanda ya fi waɗannan zurfi, shi ne bauta. An yi ta kafin jihadi, an yi ta bayansa, kowane gefe ya kama na wancan. A Nijeriya ta Arewa ba a soke ta ƙaƙaf ba sai 1936, a Nijar kuwa sai a 2003 aka sa ta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa. Kada wani ya ce tsohon zance ne. A 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadizatu Mani, a ƙasar Ƙwanni. Da ta girma ta kai ƙara, a watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kāre ta, ta umarta a biya ta sefa miliyan 10. A nan malami zai taka a hankali ƙwarai. Ya koyar da cewa an yi bauta, mugun abu ne kuwa. Amma kada ya kuskura ya tambayi yara asalin gidajensu a kan wannan, kada kuma ya bar wani yaro ya nuna wani da yatsa. Ba yaron da ya sayi kowa, ba yaron da aka saya. Wannan ita ce ƙa'idar da dukan darasin ya rataya a kanta: ana ba da labarin kakanni domin a sani, ba a kawo jika gaban shari'a ba.

Kakannin nan namu ma ba su rasa dabarar zama da tsohon ciwo ba. Ku dubi wasan taubasantaka. Bagobiri da Bayarabe in sun haɗu sai tsiya, Bafillace da Babarbare haka, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawansa ne, ba mai fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin kayan gadon 'yan Adam. Abin lura a cikinta shi ne ba ta ɓoye bambanci. Tana kiransa da sunansa a tsakiyar kasuwa, sa'an nan ta ɗaure shi da doka: taubashi ba ya zub da jinin taubashinsa, in ya same shi cikin wahala kuwa sai ya taimake shi. Ɗan Bayaraben da ke ajin Illela, ran da ya ji cewa shi da Gobirawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ya sami wurin tsayawa a garin da ya ke tsammani shi baƙo ne a ciki. Sai dai wasan yana da iyaka. Bai haɗa kowa da kowa ba, kalmar bawa kuma da a ke dariya da ita tsakanin taubasai wuƙa ce in aka jefi wanda abin ya taɓa gidansu da gaske.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, mu masu bi, gama ba daidai ba ne mu auna malaman gwamnati da mudun da ba mu auna gidajenmu da shi ba. Mu ma muna da labaran da mu ke ba 'ya'yanmu da dare, yawancinsu kuwa na abin da aka yi mana ne. Ba ƙarya ba ne. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a kwalejin horon malamai a Sakkwato a watan Mayu na 2022 yana zukatanmu, ba kuwa za mu ce wa yara ba a yi ba. Wanda ke neman a faɗi gaskiyar Alƙalawa ba zai nemi a binne wannan ba. Amma in wannan kaɗai ɗanmu ya sani game da mutanen da ya ke zaune a cikinsu, mun ba shi rabin labari, daidai irin abin da mu ke kuka da shi. Ya kamata ya san Magami. Ya san cewa Nana Asma'u ta aika da mata ƙauye ƙauye suna koya wa 'yan'uwansu mata karatu tun kafin a gina makarantar boko ko ɗaya a ƙasar nan. In kuma muna ba shi labarin asibitin Galmi wanda mishan na SIM suka buɗe a 1950, inda mutanen ƙasashen biyu su ke zuwa neman magani, sai mu gaya masa cewa masu mishan sun shigo ne a zamanin da Turawa ke mulki, shi ya sa har yanzu waɗansu maƙwabtanmu su ke haɗa su da masu bindiga a zuciyarsu. Yaron da ya san dalilin zargi ya fi iya amsa shi da hankali.

Abin kunya ne kuma mutum ya yi shekara ashirin yana cin abinci a gari, bai san inda Degel ta ke ba. Da yawa cikin ikilisiyoyinmu na bakin iyaka aiki ne ko ciniki ya kawo mu. Muna so a karɓe mu kamar 'yan gari, amma labarin garin ba mu nema ba. Baƙon da ya san sunan kakan mai gida, ba a barinsa a zaure.

Littattafai ba su wadata ba, malaman da aka horar a kan tarihi kuwa kaɗan ne, gama shekarun da aka yi ba a koyar da shi sun sa ɗalibai da yawa sun guje shi. Amma malamin Illela yana da abin da na Legas ba shi da shi. Yana iya aiken yara su tambayi tsofaffi, kowa a unguwarsu, su komo su karanta abin da suka ji a gaban juna. Su tambayi yadda aka yi sa'ad da aka rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban da ya rufe ta, da waɗanda suka ɓoye 'yan'uwansu suka raba gero da su. Rufewar 2019 zuwa Disamba 2020, da ta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai, yaran da kansu sun gani, sun san gidan da aka daina ɗora tukunya. In labarin wani yaro ya saɓa da na wani, kada malami ya yi saurin yanke hukunci. Ya tambaye su, wa ya gaya maka, shi kuma a ina ya tsaya sa'ad da abin ya faru?

Akwai gidaje a ƙasar nan waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga Adar suna gudun haraji da aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna yara sun haura shekara 80 yanzu. Suna nan a zaurukan Illela da ƙauyukanta, waɗansu ido ya tafi amma tunani yana nan. Kowace damina ana rage su.